Ranar da Mota Ta Tafasa a Hanyar Salaga

Kalmar zafi tana cikin kalmomin da Hausa ta ɗora wa kaya masu yawa. Akwai zafin rana da zafin wuta, akwai zafin jiki wanda ke kai mutum asibiti, akwai zafin rai wanda ke raba zumunci, akwai zafin nama wanda ake yabon yaro da shi. A ƙasar Gana ma, abincin da ya fi shahara a arewa tuwon zafi ne, har waɗanda ba su jin Hausa da wannan suna suke kiransa. Kishiyar kalmar, wato hucewa, ita ma baki biyu gare ta: tuwo yakan huce, mai fushi ma yakan huce. Wani gida a unguwar Nyanshegu, cikin birnin Tamale, ya ɗanɗani yawancin waɗannan ma'anoni cikin mako guda, a azumin shekarar 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar bazara. Sanadin abin kuwa injin mota ne.

Maigidan dattijo ne, ɗan kasuwar hatsi da doya, wanda kowa ke kira Alhaji. Kakanninsa fataken goro ne da suka zauna a Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja ta dā, har yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa garin, zuriyarsu ta bazu. Reshen gidansu ya gangaro Tamale bayan Turawan Ingila sun mayar da ita hedikwatar yankin arewa a 1907. Yau suna zaune a tsakiyar Dagwamba, suna jin harshen Dagbani kamar kowa, amma a cikin gida Hausa ake yi.

Jarin Alhaji da ƙafarsa duka mota ɗaya ce, Toyota Land Cruiser a-kori-kura, mai giyar da ke jan tayoyi huɗu gaba ɗaya. Ya saye ta a gwanjo daga hannun wata ƙungiyar agaji, irin waɗanda suka cika Tamale da fararen motoci. Injinta shi ne wanda ake kira 1HZ, mai silinda shida a jere, mai girman lita 4.2, wanda kamfanin ya fara ƙerawa a 1990. Inji ne mai haƙuri, ba ya da saurin a zo a gani, amma yana jure ƙura da nauyi da mummunar hanya. Da wannan mota ake shiga ƙauyukan Salaga da Kpandai da Bimbilla a ɗauko doya da masara, a kawo kasuwar Aboabo. In ta kwanta, tukunyar gidan ta kwanta.

Direban motar ɗan ƙanin Alhaji ne, maraya, wanda ya tashi a gidan tun yana ƙarami. Baba yake kiran Alhaji, kuma bai san wani uba ba bayansa. Shekara uku yana riƙe da sitiyarin nan ba a taɓa kama shi da cin kuɗin mai ba. An riga an sa ranar aurensa bayan ƙaramar Salla, kuma duk abin da ya dogara da shi na lefe da na ɗaki, daga albashin tuƙin nan yake fitowa.

Wata ranar Talata ya tafi Salaga ɗaukar kaya, tafiyar kilomita ɗari da wani abu. Ya kamata ya dawo kafin shan ruwa, amma sai bayan isha'i motar ta shigo layi, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Jan ruwa mai tsatsa ya bushe a kan bonet da gefen fitila. Saurayin ya ce wa Alhaji, "Baba, ta ɗan yi zafi a hanya, na tsaya ta huce." Bai ƙara komai a kan haka ba, hannunsa na dama kuma yana cikin aljihu.

Da safe aka kira wani bakanike na kusa. A Gana ba a cika cewa bakanike ba, fita ake cewa. Mutumin ya buɗe bonet, ya leƙa, ya girgiza kai, ya yanke hukunci kafin ya ɗauki sifana: gasket ta ƙone, watakila ma kan injin ya tsage, sai an sauke shi an aika Kumasi a nemo wani a Suame, unguwar maƙera da masu kayan gyara da ake kira Magazin. Kuɗin da ya ambata ya kusan cinye ribar kakar shekarar. Babban ɗan Alhaji, wanda dā ma bai so a ba maraya makullin ba, ya tashi da faɗa a tsakar gida. Ya ce yaron nan ya kashe mota, a sayar da gawarta tun tana da daraja, a sayi babur mai taya uku a huta. Saurayin yana tsaye a bakin zaure, bai ce uffan ba. Alhaji ya bari kowa ya gama, sa'an nan ya ce ba za a sayar da komai ba sai Masta ya gani.

Masta Badagwambe ne, ya haura sittin, garejinsa yana unguwar masana'antu ta wajen Lamashegu, a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. A Suame ya koyi aiki tun yana saurayi, ya dawo gida ya horar da yara masu yawa waɗanda yanzu su ma ake kiransu masta. Hausarsa irin ta zangunan Gana ce, wadda ba ta bambanta namiji da mace: "motan ya zo," in ji shi, inda Bakano zai ce "motar ta zo." An san shi da hali ɗaya da ke ba masu gaggawa haushi. Ba ya kwance ko da noti ɗaya sai ya gama tambaya.

Suka gaisa da Alhaji, suka yi wa juna sannu da azumi, aka kawo benci. Masta ya dubi saurayin ya fara. Yaushe allurar agogon zafi take hawa, a cunkoson gari ko a buɗaɗɗiyar hanya? Da kaya ko babu kaya? Da safe ko da rana tsaka? Ruwan lagireto yana raguwa? Kwana nawa ake yi kafin a ƙara? Wane ruwa ake zubawa? Wa ya taɓa injin nan a baya, me ya cire, me ya sa? Saurayin ya amsa cewa tun ƙarshen hunturu allurar ke wuce rabi in an ɗauki kaya da rana, musamman a hanyar ƙasa inda ake tafiya a hankali da ƙaramar giya. Ya ce yakan ƙara ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. Da aka zo kan ranar Talata, sai ya maimaita abin da ya faɗa a gida. Masta ya kalli hannun da ke cikin aljihu, ya kawar da kai. Ya ce wa Alhaji a bar motar ta kwana, domin akwai maganar da inji ba ya faɗa sai da sanyin safiya.

Tambayoyin nan suna da dalili a yadda injin dizal yake aiki. Wannan inji, wanda ya ci sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro shi, Rudolf Diesel, kuma ya fara aiki sosai a 1897, ba ya buƙatar tartsatsin fulogi domin ƙona mai. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda, a irin 1HZ fiye da ninki 20, har iskar ta yi zafin da in aka fesa mata mai sai ya kama da kansa. Ke nan zafi shi ne ran injin. Amma daga cikin zafin da man ke bayarwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke juya tayoyi. Wani kason yana fita ta salansa, sauran kuma dole ruwa ya kwashe shi daga jikin ƙarfe. Famfon ruwa yana zagaya da ruwan cikin injin, ya tura shi lagireto, inda yake bi ta siraran bututu masu yawa, iska tana ratsa su tana ɗauke zafin. Fanka tana jawo iskar, fanbel yana juya fankar da famfon, murfin lagireto yana riƙe matsi, tamostat kuma yana tsaye a hanya kamar mai gadi, yana buɗewa da rufewa gwargwadon zafin ruwan. In ɗaya daga cikinsu ya gaza, allura ta hau. Saboda haka hawan allura kamar zazzaɓi yake a jikin mutum, alama ce, ba a sanin ciwon sai an bincika. Lokacin da zafin ke tashi kuma yana nuna inda za a fara dubawa: in a tafiyar hankali ne, a zargi iska da fanka, in a guje ne da kaya, a zargi hanyar ruwa da lagireto.

Da Alhaji ya tafi, yara kuma suka watse neman abin buɗa baki, Masta ya kira saurayin bayan wata tsohuwar tirela. Ya ce, "Ɗana, fito da hannun nan." Fatar wuyan hannun ta saluɓe, an shafe ta da man kaɗe. Masta ya ce, "Wannan ƙunar tururi ce. Wanda ya jira inji ya huce ba ya samun irinta. Ni ba alƙali ba ne, amma in ka ɓoye mini abin da ya faru, zan kwance abin da bai kamata ba, Babanka ya biya kuɗin da bai kamata ba."

Nan saurayin ya zauna a kan taya ya faɗi gaskiya. Ya ce allurar ta shiga ja tun kafin Kpalbe, wajen la'asar, amma ya ci gaba da tafiya, domin ƙishirwa ta dame shi kuma yana so ya sha ruwa a gida. Ya yi tafiya mai ɗan nisa a haka, har tururi ya fara fita ta ƙarƙashin bonet. Ya tsaya, ya kashe inji, bai jira ba ya sa tsumma ya murɗa murfin, ruwan ya yi tsiri ya ƙona shi. Sa'an nan ya ɗebo ruwan sanyi a wani kududdufi da shanu ke sha, ya kwarara cikin injin da ke kashe, ya ji ƙarfe yana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Ya kuma ce ba ranar ya fara zuba irin wannan ruwa ba. Wata huɗu ke nan duk ruwan da ya samu yake zubawa, na dam, na rijiya, na burtsatse.

Masta bai yi masa faɗa ba, ya dai gaya masa abin da ya aikata. Ruwan da ke cikin inji mai zafi a matse yake, yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da zarar an buɗe murfi matsin ya tafi, sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, ya nufi fuskar mai buɗewa. Ruwan sanyi kuma a kan ƙarfen da ya yi zafi fiye da kima yana sa wani gefe ya takure wani bai takure ba, a nan ne kan inji ke tsagewa. Abin da ya dace shi ne mutum ya tsaya tun allura tana kusantar ja. In ruwa bai zube ba, ya bar injin yana aiki a hankali na ɗan lokaci ya rage zafi; in ruwa ya zube, ya kashe. Ya jira har ya iya riƙe tiyon sama da hannu, sa'an nan ya buɗe, ya tayar da inji, ya riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Yanzu ka ba ni dalilin da zan fara da abin da na fi tsoro. Gobe za mu sani."

Washegari bayan sallar asuba, tun rana ba ta ɗaga ba, Masta ya fara da tambayar da ta fi tsada: kan injin yana nan lafiya ko kuwa? Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya duba. Man baƙi ne kamar yadda man dizal da ya yi aiki yake, bai koma kalar koko ba, ƙasan murfin mai ma babu farar kumfa. Ke nan ruwa bai gauraya da mai ba. Ya cika lagireto, ya bar bakinta a buɗe, ya sa aka tayar da inji, ya durƙusa yana kallon ruwan. In gasket ta huje ko kai ya tsage, hayaƙin silinda yakan kutsa cikin ruwa, a ga kumfa tana tasowa a jere ba ta yankewa. 'Yan ƙwayoyin iska suka fito suka ƙare, ruwan ya kwanta. Ya mayar da murfi, ya matsa tiyon sama: bai yi tauri nan take ba, kamar yadda yake yi in hayaƙi na hura shi. Ya zagaya baya ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, babu farin tururi mai ɗorewa, babu danshi. A ƙarshe ya kashe injin, ya ɗaura famfon gwajin matsi a bakin lagireto, ya hura, ya sa agogo a gaba. Allurar famfon ta tsaya inda ya bar ta.

Sai a lokacin ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya rufa maka asiri. Ban ga alamar tsagewa ba." Saurayin ya juya baya, ya daɗe yana goge fuska da hannun riga.

Sauran binciken ya tafi daga mai araha zuwa mai tsada. Masta ya ɗora murfin lagireton a kan famfon gwaji. A jikinsa an buga 0.9, wato matsin da ya kamata ya riƙe, wanda ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 118. Murfin bai riƙe ko rabin haka ba, robarsa ta tsattsage, sifirin ɗinsa ya saki. Ta nan ruwan yake gudu kullum ba a ganin ɗigonsa a ƙasa. Wannan ne laifi na farko, kuma kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba.

Daga nan aka bar injin ya yi aiki har ya ɗauki cikakken zafi. Fankar irin wannan mota ba a ɗaure take kai tsaye ba. A tsakiyarta akwai wani kulli mai ɗauke da man silikon mai kauri, wanda ke kama ta ya juya ta da ƙarfi in iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, ya sassauta mata in ta yi sanyi. Lafiyayyar fanka takan yi ruri a lokacin zafi, har direba ya ji daga cikin mota. Wannan shiru take. Da aka kashe inji, Masta ya ture ta da yatsa ɗaya, ta yi ta juyawa kamar abin wasan yara. A jikin kullin ga baƙin maiƙo da ƙura ta manne, shaidar cewa man ya tsiyaye tuntuni. Fankar tana juyawa a ido, amma ba ta jan iska. Abin da ya sa zafin ya fi tashi a hanyar ƙasa ke nan, inda gudun mota bai isa ya turo iska da kansa ba.

Sa'an nan ya zura hannu a hankali yana shafa fuskar lagireton daga gefe zuwa gefe. Gefuna da zafi, tsakiya kuwa ɗumi-ɗumi, wani wurin ma sanyi. Bututun da ruwan zafi ke bi dole ya yi zafi. Wanda ya yi sanyi a toshe yake. Ya haska fitila ta gaba, aka ga ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa da jar ƙurar hunturu sun cushe tsakanin ƙananan fikafikan. Lagireton ta toshe ciki da waje. Ruwan dam yana zuwa da laka, na burtsatse kuma sau da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke daskarewa a jikin ƙarfe in ya sha zafi, kamar farin da ke taruwa a gindin butar shayi. Ga tsatsa kuma, domin ruwa tsura yana cin ƙarfen inji a hankali.

Abu na ƙarshe ya fito da aka kwance gidan tamostat. Babu komai a ciki. Wani fita ya cire shi shekarun baya, bisa maganar da ta zama ruwan dare daga Tamale har Kano, wai kayan ƙasar sanyi ne, ba ya da amfani a Afirka. Masta ya tara yaransa ya nuna musu ramin. Ya ce tamostat aiki biyu yake yi. Da sanyin safiya yana rufe hanyar lagireto domin inji ya yi ɗumi da wuri, saboda injin da ke aiki a sanyaye yana hayaƙi, yana shan mai, yana cin kansa. In ruwa ya kai kusan digiri 80 sai ya buɗe, kuma a injina da yawa, buɗewar tasa ita ce ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji bai shiga lagireto ba. In an cire shi, gajeriyar hanyar tana nan a buɗe kullum, wani kaso na ruwan zafi ya yi ta kewaya bai taɓa hucewa ba. Mai cirewa ya nemi sanyi ne, ya ƙara zafi.

Famfon ruwa ya fita daga zargi, ba ya ɗiga, ba ya girgiɗi, fanbel ma da sauran ƙarfinsa. Masta ya jera murfin da kullin fankar a kan benci, ya aika a kira Alhaji. Kafin ya iso ya ce wa saurayin, "Ni zan faɗi abin da na gani a inji. Abin da ya faru a hanya kai za ka faɗa, da bakinka."

Alhaji ya zo da babban ɗansa. Masta ya yi bayani dalla-dalla, ya ce ƙananan laifuffuka huɗu ne suka haɗu, kowanne shi kaɗai motar za ta iya jurewa a damina, amma a zafin watan Maris na Tamale, da rana ke kusantar digiri 40, ga kaya, ba za ta iya ba. Ya ce kuɗin gyaran duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ambata musu da farko ba. Babban ɗan ya fara murmushin jin kunya. Sai saurayin ya durƙusa a gaban Alhaji, ya fito da hannunsa, ya faɗi komai: jan allurar, ci gaba da tafiyar, murfin, ruwan kududdufin. Babban ɗan ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Dattijon ya daɗe shiru yana jan carbi. Sa'an nan ya ce, "Ka yi wauta, kuma ka ɓoye mini, wannan ya fi wautar ciwo. Amma ruwa ba ya tsami banza. Masta, yaron nan ya zo mini tun watan Nuwamba ya ce mota tana shan ruwa, a ba shi kuɗin koren ruwan nan na galan da sabon murfi. Na ce masa ruwa ruwa ne, wa ke sayen ruwa ya zuba wa ƙarfe? Ya sake zuwa, na ce ya bari sai an sayar da masara. Wanda ya cire wannan abin mai gadi kuma, ni na kai masa motar, ina tsaye ya jefar da shi." Ya juya ga ɗansa ya ce, "In za a kori wanda ya kashe mota, da ni za a fara."

Gyaran ya ɗauki kwana uku. Aka sauke lagireton aka kai wa mai gyaranta a layin baya. Da yake ta tagulla ce, irin ta dā, ya narkar da darmar da ta riƙe tankunanta, ya buɗe, ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe yana zazzago laka da farin gishiri, ya wanke, ya mayar ya liƙe, ya nutsa ta cikin kwatami ya hura iska ya tabbatar babu kumfa. Aka wanke cikin injin, ana zuba ruwa ana zubarwa, har ja ya daina fita. Sabon kullin fanka ya zo daga Kumasi a motar dare. Sabon tamostat kuwa Masta bai yarda da kwalinsa ba, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Ya sa yaro ya ɗora tukunya a kan gawayi, ya rataya tamostat ɗin da waya a cikin ruwan, ya tsoma ma'aunin zafi, suna kallo har bakinsa ya fara buɗewa tun ruwan bai tafasa ba, ya kuma rufe da aka sauke.

Da aka haɗa komai, aka zuba ruwan sanyaya inji na galan, gauraye da tataccen ruwa irin wanda ake sa wa batir, wajen lita goma. Masta ya bayyana wa Alhaji cewa a ƙasashen sanyi ana zuba shi ne domin kada ruwa ya daskare, amma a Tamale amfaninsa hana tsatsa da daskarewar gishiri, yana kuma ɗan ɗaga tafasa. Ya gargaɗi saurayin ya ɓoye ragowar galan ɗin inda yara da awaki ba za su kai ba, domin yana da zaƙi kuma guba ne. Aka tayar da inji da murfi a buɗe, ana matsa tiyo, har iskar da ta maƙale a ciki ta fita, aka ƙara ruwa, aka rufe.

Masta bai karɓi kuɗinsa ba sai da aka yi gwaji a inda ciwon ya bayyana. Ranar Litinin aka loda buhunan masara daidai nauyin da motar ta saba ɗauka, aka fita bayan azahar, lokacin da kwalta ke walƙiya. Saurayin yana tuƙi, Masta yana gefensa, Alhaji kuma ya ce shi ma sai ya je, ya matsu a tsakiya. Suka bi hanyar Salaga, suka sauka kan wata hanyar ƙasa, aka sa ƙaramar giya, aka yi ta hawa da gangara a hankali. Can sai aka ji ruri ya taso daga gaba kamar iskar hadari. Alhaji ya firgita ya ce, "Me ya faru kuma?" Masta ya yi dariya ya ce, "Alhaji, fankan ne ya tashi aiki." Allurar ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan, ba ta motsa ba har suka juyo.

Magariba ta riske su a hanya kafin su shigo gari. Suka tsaya a gefen titi, Alhaji ya fito da dabino daga aljihu ya raba uku, suka sha ruwan leda. Masta ya ce wa saurayin ya riƙa duba ruwan kowace safiya har wata guda, tun inji yana sanyi, domin ƙaramar tsaga takan ɓoye ta bayyana daga baya. In ya ga ya ragu ko da kofi ɗaya ne, ya zo a ranar. Saurayin ya ce to. Alhaji ya ce, "In kuma ya zo mini da maganar kuɗin gyara na ce sai an sayar da masara, ka aiko a kira ni, Masta."

Watan ya cika ruwan bai ragu ba. An ɗaura auren bayan Salla kamar yadda aka sa, kuma motar ce ta kwaso kayan amarya zuwa Nyanshegu, babban ɗan Alhaji yana tsaye a baya yana riƙe da madubin kabad kada ya fashe. Tabon ƙunar yana nan a wuyan hannun direban. Tsohon murfin lagireton kuma Alhaji bai bari an jefar ba; yana cikin akwatin da yake ajiye rasitai da kuɗin cefane.